Kunnen Hagu

A shagon kayan sauti, wata dattijuwa na jiran a gyara mata waya. Wani mutum a gefenta ya cire hedifon na uku da ya gwada a kwamfutarsa, ya dangwarar a kan teburi.

"Wannan ma ɓangaren hagunsa a mace yake," ya ce da mai shago. "Kawo mini mai bes sosai, da amfilifaya mai ƙarfi. So nake in ji kiɗan har a ƙirjina."

Mai shago ya shiga ciki nema.

"Ɗana, daga nan fa ina jin kiɗan," in ji dattijuwar.

Bai waiwayo ba sai da ta taɓa shi. Ta ɗauki hedifon ɗin, ta kara a kunnuwanta.

"Duka biyun suna yi."

"Mama, me kika sani game da sauti? Shekara tara ina haɗa wa mawaƙa kiɗa."

"To juya shi, ka sa na daman a hagu."

Ya juya ya saka, ya saurara.

"Yanzu wanne ne ya mutu?"

"Hagun dai." Ya leƙa inda mai shago ya shiga. "Don Allah rage murya. Mai shagon nan ya san duk masu ba ni aiki."

"Haka maigidana ya yi ta sauya rediyo, yana zagin masu gyara. Ka je a duba kunnen nan."

"Shi ya warke?"

"Bai je ba. Yanzu a takarda nake masa magana."