Furanni Don Sojan Ostireliya

A inda ake jiran bas a titin Oxford Road na birnin Manchester, wata mata riƙe da furanni ta gama waya da Hausa. Sai wani dattijo da ke gefenta ya juyo.

"Sannu 'yata. Biki za a je?"

"A'a Baba, maƙabarta. Akwai wani sojan Ostireliya da aka harba a Faransa lokacin yaƙin duniya na farko. Nan Manchester aka kawo shi asibiti, raunin ya yi ajalinsa."

"Kun haɗa dangi ne?"

"Ko hotonsa ban taɓa gani ba."

"Ikon Allah! Ƙanen kakana ya tafi ƙasar Burma yaƙin Turawa, bai dawo ba. Wa ya taɓa kai masa ko ganye? Ke kuma ga ki da furanni za ki kai wa Bature."

"Baba, yaro ne fa."

"Namu tsofaffi ne? Ki faɗa mini, me ya haɗa ki da shi?"



"Ƙanena Elnathan soja ne. Nakiya ta tashi da motarsu a Borno, ya kwana biyu a asibiti ya cika. Lokacin ina jiran takarduna na zama a ƙasar nan, in na fita ba damar dawowa. A Maiduguri aka binne shi, har yau ban ga kabarinsa ba. Wannan ma na tabbata yana da 'yar'uwa da ba ta samu zuwa ba."

Bas ta zo ta wuce, babu wanda ya motsa.

"Yi haƙuri 'yata," in ji dattijon. "Ɗana yana aiki a Maiduguri. Faɗa mini cikakken sunan yaron, in sa ya nemo kabarinsa."