Bogumil, Mai Hana Kofi na Biyu

Mai girma Fada na cocinmu, mai girma shugaban gunduma, uwargidan marigayi, Danuta, da 'ya'yanta, jama'ar gari, ina gaishe ku.

Mun taru don Bogumil, wanda ya tsufa yana zuba mana giya a zauren 'yan kwana-kwana, inda muke bukukuwanmu.

Ya kasance mutum mai fara'a. Ya kasance mai duban idon mutum kafin ya karɓi kofinsa, domin doka ta hana a ƙara wa wanda ya bugu, shi kuwa bai ɗauke ta wasa ba. Kun san al'adarmu: in aka sha kofi ɗaya, sai a ce a ƙara na ɗaya ƙafar. Na taɓa jin Rysiek mai tarakta yana ce masa, "Haba tsoho, zuba na ɗaya ƙafar mana! So kake in yi ɗingishi?" Bogumil ya ce, "Yi ɗingishinka, ɗan'uwa. Muddin ka isa gida."

Muka yi dariya, muka laƙaba masa Ɗan Sanda. Da bikin girbi ya zo, kwamiti ya ce yana ɓata wa baƙi rai, aka sauke shi, aka ba wani kwalbar. Wannan ya yi ta zuba wa Rysiek giyar vodka har harshensa ya karye, sannan aka raka shi da tafi ya hau tarakta. Da rana tsaka ya take Bogumil a kan kekensa, a gaban coci, ya kashe shi.

Rysiek yana tsare. Amma hannun da ya zuba fa? Zaure cike, kowa ya ce wa 'yan sanda bai gani ba! In ba shaida, za a rufe maganar, a bar matar nan da kalmar "tsautsayi". Wannan ba tsautsayi ba ne. Abin kunya ne, kuma namu ne.

Danuta, ba zan ce ki yi haƙuri ba, haƙurinki ya isa. Na ga wanda ya zuba, na kuma faɗa wa mai gabatar da ƙara. Wanda ya gani bai faɗa ba, kada ya miƙa miki hannu yau.

Na gode da sauraro. Allah ya ba Bogumil hutu na har abada. Mu kuma ya buɗe mana baki.