Guba a Gorar Lemo

Ina tsaye da goyona a kasuwar Parakou, wata mata ta dangwara gora gaban mai sayar da maganin ƙwari.

"Tanti, ki ji tsoron Allah. Guba a gorar lemo? Daga bakin 'yata Bona na fizge ta jiya."

"Ke kika zo neman feshi kafin zafi ya fito da kyankyasai. Ni na ce ki ajiye a ƙasa?"

"To ke ina kike ajiye naki?"

"Nawa? Allah ya kiyaye, ina da jikoki a gida. Ramuka nake toshewa, in barbaɗa toka."

Matar ta tura mata gorar da ƙafa.

"To auno mini tokar. 'Yata ma jikar wata ce."