Jikata Ta Fi Sabawa Da Kakanta Na Gwadangaji

Assalamu alaikum mai gabatarwa, tare da masu saurare. Ni ne Malam Umaru daga Gulma. Da hannuna na rubuto, albarkar ajin yamma da na shiga da furfurata.

Allah Ya ba ɗana Bello 'ya mace, jikata ta fari, har yau murna ba ta sake ni ba. To amma ga damuwata. Bello magini ne, aiki ya kai shi Gwadangaji, inda gonakin gero suka koma gidaje. Ya kama ɗaki layi ɗaya da surukinsa, Alhaji Sani. Can ga famfo, ga wuta, ga asibiti kusa, ba mai zancen dawowa.

Ranar Juma'a na je musu da shinkafa da kifi. Ina ɗaukar yarinyar ta fashe da kuka. Alhaji Sani ya miƙo hannu, nan take ta yi shiru. Ya ce, “Malam, amaryar nan mijin birni ta zaɓa, ba ta son mai warin fadama.” Na yi dariya, amma har na iso gida abin yana cina.

Bello ya ce in koma wurinsu, ana neman masu gadin sababbin gidaje. Jama'a, ku ba ni shawara: in bar gonar ubana in kama gadi, ko in zauna jikata ta tashi tana ganina baƙo?

Ina gaida Alhaji Sani, na san yana ji. Ya sani ban bar masa ita ba.