Hannun Jarin Matan Ollelewa

A tashar Tanut, wata mata da wani dattijo suna zaune a benci, suna jiran motar Damagaram ta cika.

"Baba, ka ji abin da manyan kamfanin nan na tura kuɗi ta salula suka yi? Sun ware wa kansu hannun jari a farashin banza, suka sayar da tsada. Da labari ya fito, namu ya faɗi warwas."

"An ce doka ta yarda, 'yata. Cikin ladan aikinsu ne."

"Doka? Ni Raishatu na bi matan garinmu Ollelewa gida-gida, na ce su sa kuɗin adashinmu. Har da mai sayar da akuyarta. Yanzu ko rijiya ba na zuwa. Wannan tafiyar ma ba wani biki, ɓuya zan yi wajen yayata."

"Wataƙila ba dukansu ne mugaye ba. Yaro ne aka miƙa masa, ya karɓa."

"Wane yaro? Kai ma ka sa kuɗi ne?"

Dattijon ya daɗe yana murza bakin rawaninsa.

"Ban sa ba. Attahir, mataimakin daraktan kamfanin, ɗana ne. Bara ya biya mini kujerar Makka, ni da uwarsa."

Matar ta gyara mayafi, muryarta ta sauka.

"To... Allah ya karɓi ibada, Baba."

"Abin da za ni Damagaram in tambayi malamai ke nan. Malaman garinmu kam, na kasa duban idonsu."