Turmin Bafulatana

A tashar taram, jirgin ƙasan cikin gari, ta unguwar Minguettes, Malam Ilya ya ji wata mata mai zanen Barebari tana faɗa ita kaɗai.

"Hajiya, lafiya?"

"Ina fa lafiya, Baba! Matar da ke samana kullum daka take, kaina kamar ya tsage. Ofishin masu gidan zan kai ta, su kore ta."

"Wace ce?"

"Wata Bafulatana, da 'ya'yanta."

Ya ƙura wa zanenta ido. "Babarbariya ta kai ƙarar abokiyar wasanta? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Hau ki zage ta tas, ba ta da ikon fushi."

"Ai na zage ta! Na ce mata 'yar bin shanu, sai ta aiko mini da fura."

"Kin sha?"

"Na shanye."

Taram ya zo ya wuce, ba ta shiga ba.

"Baba, ni a ƙasa nake, babu kowa ƙarƙashina. Ta sauko da turminta ɗakina ta daka, amma rabin furar nawa ne."

"Madalla da ke! Wannan hukunci, alƙali bai iya shi ba."