Filashin Hajiya Ya Daina Shigowa

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Sani tela ne daga Malali.

Kullum da safe mahaifiyata takan yi mini filashin daga Unguwar Shanu, in kira ta mu gaisa. Layin wayarmu ba na kamfani ɗaya ba ne. Sai na ji shiru kwana uku, kirana kuma ba ya shiga. Na rufe shago na je, na tarar tana fushi, wai tana ta yi mini filashin ban kira ba. Ta ce, "Ka girma ke nan, Sani?"

Wani mai gyaran waya ya ce kamfanonin biyu ne ke rigima kan kuɗin tsallakar da kira. Ashe biyan juna suke yi? Har filashin ma?

Don Allah ku yi bayani, Hajiya tana sauraro. Ni dai ta ƙi yarda da ni.